Kafin Ki Kafa Rumfa a Lambun Gwamnati

Wata uwa daga Kubwa ta aiko da tambaya. Ita ce shugabar ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarsu mazauna Abuja, kuma suna son su yi wuni da iyalansu ranar uku ga Sallah a ɗaya daga cikin lambunan shaƙatawa na birnin. Za su kai mutum ɗari da hamsin, fiye da rabi yara ne. Za a kafa rumfuna, a kawo lasifika, a gasa nama, a raba wa yara kyaututtuka. Wasu 'yan ƙungiyar sun ce ba sai an nemi izinin kowa ba tunda wurin na gwamnati ne. Wasu kuma sun ce sai an je an samo takarda daga 'yan sanda. Ta ce wanne za ta bi?

Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri da kika tambaya tun da sauran lokaci. Kowane ɓangare ya kama gefen magana ya saki gefe. Akwai izinin da kike bukata, amma ba a hannun 'yan sanda yake ba, yana hannun mai kula da filin. 'Yan sanda kuwa sanar da su za ki yi, ba roƙonsu ba. Idan kika raba waɗannan abubuwa biyu a ranki, sauran aikin duk zirga-zirga ce da rubutu.

Bari mu fara da masu cewa ai wurin na kowa ne. Gaskiya suka faɗa, kuma wannan gaskiyar ce ta sa ake neman izini. Rijiyar unguwa kowa na jan ruwa a cikinta, amma wanda zai kewaye ta da zana na wuni guda don bikin gidansa dole ya nemi yardar masu kula da ita. Iyali guda da suka zo da tabarma da kular abinci suka zauna a inuwa, masu ziyara ne, ba sa bukatar wata takarda bayan kuɗin shiga, in akwai shi. Lamarin yana sauyawa ne daga lokacin da za ku kafa wani abu a ƙasa, ko ku kunna abin da zai yi ƙara, ko ku hura wuta, ko ku sayar da kaya, ko ku keɓe wani yanki ku ce na baƙinku ne. In ɗaya daga cikin waɗannan ya shigo, taro ne. Naku kuwa ya haɗa kusan dukkansu. Haka abin yake a manyan biranen duniya: a birnin New York, taron da ya haura mutum 20 a lambun gwamnati sai da takardar izini, ana biyan dala 25 na neman takardar, kuma ana shigar da bukata makonni uku ko fiye kafin ranar.

Abin da ya fi cin lokaci a Abuja shi ne gano wanda filin ke hannunsa. An kafa Babban Birnin Tarayya da doka a 1976, aka kammala taswirar birnin a 1979, kuma masu taswirar sun ware filaye da gangan, a bakin rafuka da gindin duwatsu da tsakanin unguwanni, don su zauna kore, ba don a yi gini a kansu ba. Kula da waɗannan filaye aikin Sashen Lambuna da Shaƙatawa ne, wanda ke ƙarƙashin majalisar kula da birni ta AMMC a cikin Hukumar Gudanarwar Babban Birnin Tarayya. A takarda ke nan. A aikace kuwa, yawancin lambunan da kike gani a Wuse da Garki da Maitama an ba wa 'yan kasuwa hayarsu, su suke gudanar da su bisa sharuɗɗan da hukuma ta gindaya musu. Wasu kuma suna da nasu masu gudanarwa, kamar Millennium Park da ke Maitama, mai faɗin kusan hekta 32, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disambar 2003, ko lambun yara da gidan namun daji na Asokoro, ko lambun bakin Tafkin Jabi. In kika fita wajen tsakiyar birni, kamar Kubwa da ke ƙarƙashin ƙaramar hukumar Bwari, ko Gwagwalada ko Kuje, wani filin za ki tarar ƙaramar hukuma ko ƙungiyar masu gidajen unguwa na da ta cewa a kansa.

Wurin da na fi so ki yi hattara da shi shi ne filin ciyawar da ba shi da shinge ba shi da mai gadi. Mutane na ganinsa su ɗauka ba shi da mai shi. Yana da shi, kuma a irin wannan fili ne aka fi kwashe wa mutane rumfuna da kujeru ana tsakiyar taro, domin babu manajan da zai fito ya ce ya san da zamanku.

Saboda haka ki je da ƙafarki, ranar aiki, da hantsi. Ki gaisa da mai gadi cikin mutunci, domin shi zai buɗe muku ƙofa ranar taro, amma ki ce ya kai ki ofishin manaja. “Ba komai Hajiya, ku zo kawai” daga bakin mai gadi ba izini ba ne, ko da kin ba shi na goro. Ranar Sallah yana iya zama ba shi ne a bakin aiki ba, kuma ko shi ne, ba shi da ikon kare ki idan jami'an hukuma suka zo. A wurin manaja ki yi tambayoyin nan dalla-dalla: shi ne ke ba da izini ko sai an kai takarda ga sashen lambuna? Wane yanki ake ba masu taro? Mutum nawa yake ɗauka? Ƙarfe nawa ake rufewa? An yarda a shigo da abinci daga waje? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin lambunan da ke hannun 'yan kasuwa da yawa daga cinikin abinci da abin sha suke samun kuɗinsu, wasu kan hana shigo da girki, wasu kan sa masa kuɗi.

Daga nan sai wasiƙa. A rubuta ta da Turanci tunda shi ne harshen ofis, a kan takardar ƙungiya in kuna da ita, kuma kada ta wuce shafi ɗaya. A faɗi sunan ƙungiya da sunan mutum ɗaya da zai ɗauki alhakin taron da lambar wayarsa. A faɗi rana, da lokacin fara kafa kaya, da lokacin fara taro, da lokacin tashi, da lokacin da za a gama kwashe komai. A faɗi yawan mutane da yawan yara a cikinsu, da yawan motocin da ake tsammani. Sannan a jero duk abin da za a shigo da shi: rumfa nawa, kujera nawa, janareta, lasifika, murhun gashi, gidan tsallen yara da ake hura wa iska, mai ɗaukar hoto. A nan ne mutanenmu suka fi cutar kansu. Sukan rubuta mutum hamsin don kuɗi ya yi sauƙi, sai ɗari biyu su zo, ko su ɓoye maganar lasifika don kada a hana. Duk abin da ba ya cikin wasiƙa ba ya cikin izini, kuma kin ba manaja hujjar tsayar da taron ko ƙara miki kuɗi a lokacin da ba ki da halin yin ciniki. Gara ki ɗan ƙara a kan adadin da kike tsammani, domin kin san yadda gayyatar Sallah take: kowa zai zo da 'ya'yan maƙwabta da baƙon da ya sauka a gidansa.

Ki yi kwafi biyu. Ki miƙa ɗaya, a buga miki hatimi da kwanan wata da sa hannu a kan ɗayar, ki dawo da ita gida. Wannan kwafin mai hatimi shi ne shaidar cewa kin nema, kuma ba ƙaramin amfani yake da shi ba idan amsa ta yi jinkiri.

Shawarata ki kai wasiƙar wata guda kafin ranar. Lokacin Sallah yana da matsaloli biyu da sauran lokuta ba su da su. Na farko, ofisoshi na rufewa hutun Sallah, kuma jami'in da zai sa hannu yana iya yin tafiya garinsu tun kafin hutun. Na biyu, ranar Sallah kanta tana rataye da ganin wata. Kada ki rubuta kwanan wata guda ɗaya ki tsaya. Ki rubuta cewa taron na kwana na uku na Sallah ne, ki ambaci ranaku biyun da zai iya faɗawa, ki nemi a riƙe miki su har a sanar da ganin wata. Manajan da ya saba da jama'armu ya san wannan, amma sai an rubuta yake zama alkawari.

Maganar kuɗi a yi ta a fili. Ki nemi a rubuta miki abin da kuɗin ya ƙunsa: filin ne kawai, ko har da kuɗin shigar kowane baƙo, da wurin ajiye mota, da banɗaki, da wuta, da kwashe shara? Akan samu saɓani ranar taro idan an biya kuɗin fili amma aka tsare baƙi a ƙofa ana neman kuɗin shiga daga kowannensu. Ki biya cikin asusun da ke ɗauke da sunan hukuma ko kamfanin da ke gudanar da wurin, kada ki tura cikin asusun wani ma'aikaci, kuma ki karɓi rasit mai lamba da hatimi. In an nemi kuɗin ajiya na ɓarna, a rubuta nawa ne, da abin da zai sa a riƙe shi, da ranar mayarwa. Ki kuma tambayi abin da zai faru idan ruwa ya hana taro. In Babbar Sallah ce, a 'yan shekarun nan cikin damina take faɗowa, kuma hadarin Abuja da iska yake tafe. Rumfar da ba a ɗaure da kyau ba tana iya tashi ta faɗa kan yara.

Takardar izinin da za a ba ki, ki karanta ta a gaban wanda ya ba ki. Ki duba ta ambaci yankin da aka ba ku, da rana, da lokaci, da yawan mutane, da kayan da aka amince da su. In an ce “an yarda ku yi taro” kawai ba tare da waɗannan ba, ki roƙi a ƙara su ko da da biro ne a sa hannu a gefe. Sannan ki tambaya ko an ba wani taron yankin da ke maƙwabtaka da naku a wannan rana. Walimar iyali da yara a gefen masu kiɗan casu ba za ta yi muku daɗi ba, kuma yanzu ne za a iya sauya muku wuri.

Lokacin rufewa ba abin wasa ba ne. A 2022 hukumar birnin ta jaddada umarnin cewa lambuna su riƙa rufewa da ƙarfe bakwai na yamma, kuma kowane lambu yana da nasa lokacin da ya kamata ki ji daga bakin manaja. Ki tsara taronki ya tashi aƙalla awa guda kafin a rufe, domin kwance rumfuna da loda kujeru da tsince shara na cin lokaci fiye da yadda ake zato, ga kuma magariba na shigowa a daidai wannan tsakanin. Ki tanadi ruwan alwala da butoci da tabarmin salla, ki kuma tambayi inda za a yi alwala don kada a mayar da ciyawa taɓo.

Yanzu ga maganar 'yan sanda, wadda na ga tana rikita mutane da yawa. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin taruwa cikin lumana. Shekaru da dama 'yan sanda sun riƙa dogaro da Dokar Zaman Lafiyar Jama'a ta 1979 suna cewa sai da izininsu za a yi gangami. A watan Satumbar 2003 suka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa bisa hujjar rashin izini. Jam'iyyar da wasu jam'iyyu suka garzaya kotu. Babbar Kotun Tarayya ta ba su gaskiya a 2005, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin a Disambar 2007, ta ce sharaɗin neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa kundin tsarin mulki. A Yunin 2014 ma, da kwamishinan 'yan sandan Abuja na lokacin, Joseph Mbu, ya sanar da haramta zaman masu fafutukar ceto 'yan matan Chibok da suke yi a dandalin Unity Fountain, hedikwatar 'yan sanda ta fito ta ce ba a haramta taron lumana ba. Sai Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta zo, a sashe na 83, ta ce idan aka sanar da 'yan sanda za a yi taro a wurin da jama'a ke shiga, aikin jami'in yankin ne ya tanadi tsaro.

Abin da wannan ke nufi a gare ki shi ne, ba wanda zai ce miki walimar ƙungiya haramtacciya ce don babu takardar 'yan sanda. Amma kada 'yan ƙungiyarki su ɗauki wannan hukunci su kai wa manajan lambu. Kotu ta yi magana ne a kan 'yancin taruwa, ba ta ce kowa na iya kafa rumfa a filin da wani ke kula da shi ba tare da yardarsa ba.

Duk da haka ina ba ki shawara da babbar murya ki rubuta wa baturen 'yan sandan yankin da lambun yake, mako guda ko biyu kafin ranar, ki haɗa da kwafin izinin manaja, ki karɓo kwafi mai hatimi. Dalilina shi ne maganar kyaututtukan da kika ce za a raba. A watan Disambar 2024, cikin mako guda, ƙasar nan ta ga abin da ba za a manta ba. Yara 35 suka rasu a turmutsutsu a wani bikin yara a Ibadan inda aka yi alkawarin raba kyauta. Kwanaki kaɗan bayan haka mutum 10 suka rasu a wurin rabon kayan abinci a wata coci a Maitama, nan cikin Abuja, wasu 22 kuma a Okija ta jihar Anambra. Duk masu shirya waɗannan taruka alheri suka nufa. Abin da ya faru shi ne labarin rabo ya bazu, jama'a suka zo fiye da yadda wuri da masu tsaro za su iya ɗauka, ƙofa kuma ta yi kaɗan. Bayan haka ne rundunar 'yan sanda ta gargaɗi masu shirya irin wannan rabo da su riƙa sanar da ita tun kafin ranar.

Lambun gwamnati ranar Sallah cike yake da yaran da ba naku ba, kuma yaro in ya ga ana rabo zai rugo, ba laifinsa ba ne. Don haka kada a sanar da rabon kyauta a Facebook ko a rukunonin WhatsApp da ba na ƙungiya ba, kada kuma a yi shelarsa a lasifika. A rubuta sunan kowane yaro a kan ƙullinsa tun daga gida, a miƙa wa uwarsa a inda take zaune. Kada a jefa alewa ko kuɗi sama yara su yi wawaso. In kuna da niyyar yin sadaka ga yaran da ke wurin, kuma niyya ce mai kyau, a ba mutum biyu ko uku su zaga su miƙa hannu da hannu nesa da rumfunanku, ba tare da an tara kowa a layi ba. Ƙofar da kuka shigo da hanyar da mota za ta bi in an samu larura, a bar su a buɗe, kada a jibge kujeru ko a ajiye mota a kansu. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Ki kuma san asibitin da ya fi kusa kafin ranar.

Ƙarar lasifika ita ce abin da ya fi jawo ƙorafi. Hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin taƙaita hayaniya a 2009, waɗanda suka sa iyaka mafi tsauri a unguwannin zama da kusa da asibitoci da makarantu, kuma iyakar dare ta fi ta rana ƙasa. A Abuja, hukumar kare muhalli ta AEPB ce ake kai wa ƙarar masu damun maƙwabta. Ba sai kin sayi na'urar awo ba. Ki juya lasifikokin su fuskanci baƙinki, bayansu ga gidajen mutane, ki aika wani ya tsaya a bakin shingen lambun ya saurara. In daga can sai ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji shi, a rage. Mutum ɗari da hamsin ba sa bukatar kayan sautin filin wasa. Janareta kuma a kai shi nesa da inda yara ke wasa, a rufe wayoyinsa, man fetur ɗin a ajiye shi daban.

Gashin nama sai an ambace shi a izini, kuma a yi shi a inda aka nuna. Murhu ya zama mai ƙafafu, kada a zuba gawayi a kan ciyawa ko a gindin bishiya, a ajiye bokitin ruwa ko yashi kusa, toka kuma a kashe ta a tafi da ita. Yanka dabba a cikin lambu kada ma ya shigo lissafi, a zo da naman a gyare daga gida ko mahauta. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana shan sigari a wuraren taruwar jama'a, har da lambunan shaƙatawa da filayen wasan yara, don haka a gaya wa mazajen da ke sha tun daga gida.

Akwai ƙananan ɓarna da ke cinye kuɗin ajiya, waɗanda masu kawo rumfa ne suka fi yinsu ba baƙi ba. Sukan kafa turakun ƙarfe su huda bututun ban ruwa da ke ƙarƙashin ciyawa. Sukan shigo da motar kaya har tsakiyar fili bayan ruwan sama, tayoyi su yi rami. Sukan buga ƙusa a jikin bishiya don rataya ƙyalle, ko su sare reshen da ya tare musu hanya. Ke za a tambaya, ba su ba, domin sunanki ne a takarda. Ki sa wani namiji mai tsayayyar magana daga ƙungiyar ya kasance a wurin lokacin kafa kaya, tare da ma'aikacin lambun da zai nuna inda za a kafa. Kafin a sauke komai a ɗauki hotunan filin da waya, musamman inda ciyawa ta riga ta mutu ko benci ya riga ya karye.

In wata 'yar ƙungiya na son ta kawo turare ko atamfa ta sayar, wannan ciniki ne, kuma izinin walima bai rufe shi ba sai an rubuta. Ƙyallen da ke ɗauke da sunan ƙungiya a cikin rumfarku ba matsala ba ne, amma rataya shi a bakin titi ko a shingen waje ya shiga hurumin sashen kula da allunan talla na birnin. Mai hoton da kuka ɗauko, a ambace shi, domin wasu lambunan na karɓar kuɗi daban a kan hoton sana'a. In kuwa ya ce zai tashi ƙaramin jirgin nan marar matuƙi don ɗaukar hoto daga sama, ki ce ya nuna miki takardunsa. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ta sanar cewa ba a tashin irin wannan jirgi sai da izininta da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Millennium Park kuma ba shi da nisa da fadar shugaban ƙasa da Majalisar Tarayya. Hoton sama bai kai a kwana a hannun jami'an tsaro saboda shi ba.

Tunda yara sun fi yawa, ki duba ruwa. Rafi ya ratsa Millennium Park, Jabi kuwa tafki ne sosai. A raba yaran rukuni-rukuni, kowane rukuni da babban da ya san sunayensu kuma ba shi da wani aiki sai su. Yaron da zai hau kwale-kwale sai da rigar kariya daga nutsewa da kuma babba a tare da shi. Ƙananan a rubuta lambar wayar uwa a takarda a maƙala musu a riga. Ki leƙa banɗakin lambun da idonki ranar da kika je ganin manaja, ki ga ko akwai ruwa, ki ga ko zai ishi wannan adadi. In ba zai isa ba, a yi maganar hayar na tafi-da-gidanka tun a wasiƙa.

Ranar taro, takardar izini da rasit da kwafin wasiƙar 'yan sanda su kasance a jaka ɗaya a hannun mutum ɗaya, hotunansu kuma a wayoyin mutum biyu. In wasu jami'ai suka zo da tambaya, mutum ɗaya ya tashi ya tare su a gefe, sauran su ci gaba da harkarsu. Taron dangi a kan jami'i shi ke mayar da ƙaramar magana babba. A yi musu sallama, a tambayi hukumar da suka fito, a ga katin shaida, a nuna takardu, a kira manaja ya zo. In sun ce a rage sauti ko a matsar da mota, a yi nan take. In sun ce akwai tara, a nemi takardar da ta faɗi laifin da inda ake biya a karɓi rasit. Kada a tara kuɗi a dunƙula musu. Wanda ya karɓa ya tafi, wani na iya biyo bayansa, kuma kun zubar da ƙarfin takardar da kuka sha wahalar samu.

In kuma tun farko an hana ku izini, ki nemi dalili a rubuce. Sau da yawa dalilin mai gyaruwa ne: ranar ta cika, ko adadin ya fi ƙarfin wurin, ko gashi ne ba a so. A rage, ko a sauya rana, ko a nemi wani lambun. In kin ga alamar an hana ku ne ba bisa ƙa'ida ba alhali an ba wasu irinku, ki rubuta wa sashen lambuna kai tsaye. Bayan shi akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, kuma kyauta take sauraron ƙorafi a kan ma'aikatun gwamnati.

Ina da ƙorafi guda a kan hukumomin kansu. Mafi yawan wannan wahala za ta ragu da a ce kowane lambu na da allo a bakin ƙofa, da Turanci da Hausa da sauran harsunan mazauna birnin, mai faɗin lokacin buɗewa da rufewa, da abin da aka hana, da kuɗin taro, da ofishin da ake zuwa. Ƙa'idar da ba a rubuta a inda jama'a za su gani ba, mai son karɓar na goro kaɗai take yi wa amfani. Kuma lambun da iyalai ke cika shi suna amfani da shi bisa tsari ya fi wuyar a wayi gari an yanka shi filotai.

Masu karatu a wasu garuruwa, hanyar ɗaya ce, sunayen ofisoshi ne suka bambanta. A Kano, Gidan Zoo na Audu Bako yana da hukumar gudanarwarsa, kuma mai shirya taron da ya haɗa kiɗa da cakuɗuwar maza da mata ya san cewa Hisbah na da ido a kai, mai ɗaukar fim kuma yana da hulɗa da Hukumar Tace Fina-finai. A Kaduna, mai son Ƙofar Gamji ko Dandalin Murtala ya fara da ofishin masu gudanar da wurin. Dokoki kan sauya idan gwamnati ta sauya, saboda haka abin da aka yi bara a sake tambayarsa bana.

Ke kuma Hajiya, in an tashi daga taron, ki sa samari su bi filin da buhuna su tsince leda da robar ruwa da tsinken tsire, a kai sharar inda manaja ya nuna ko a tafi da ita. Kada ki bar wurin sai kin zaga filin tare da ma'aikacin lambun, an sake ɗaukar hotuna, ya rubuta a bayan takardar izininki cewa an miƙa wuri lafiya, ya sa hannu da kwanan wata. Da wannan rubutun za ki karɓi kuɗin ajiyarki. Takardun duka ki haɗa su a fayil ɗaya ki ba sakatariyar ƙungiya, domin wadda za ta shirya na baɗi ta san ofishin da za ta fara zuwa da abin da aka biya.